Sandunan Fatsa a Gidan da Ba Hayaƙi

Mijina masunci ne a garin da ba kogi. Duk unguwarmu an san mu da wannan, kuma ban taɓa jin kunyar abin ba. Maza suna tafiya kasuwar shanu, shi kuwa da an gama girbi sai ya ɗaure sandunan fatsarsa, ya hau mota daga nan Potiskum ya nufi bakin ruwa wajen Gashuwa, ba ya dawowa sai zafi ya kankama.

Kifin nasa ne, amma sandunan nawa ne, daga ranar da ya sauke su a tsakar gida har ranar da zai sake ɗauka. Na gora ne, dogaye. Ni ke kwance zaren in naɗe a kara, in soke ƙugiyoyin a totuwar masara, in shafe kowace sanda da man gyaɗa tun daga gindi har tsini. Sannan in rataye su a kwance cikin madafa, can ƙarƙashin rufi, igiya a kai, igiya a tsakiya, igiya a gindi, inda hayaƙin girki zai riƙa bi ta kansu safe da yamma. Hayaƙin nan shi ke hana ƙwaro shiga. Ba a jingina gora da bango, lanƙwasa take yi. Jefi-jefi in hau turmi in juya su. A hannuna ko ɗaya ba ta taɓa tsagewa ba, a tambayi duk wanda ya zauna da mu.

To, sai ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ɗanmu na fari, wanda ba na kiran sunansa, ya kwashe mu zuwa gidansa a Yerimaram. Gida ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙasa tayil, sama silin. Na shiga kicin ranar farko na ɗaga kai ina neman inda zan ɗaura igiya, sai na ga fari fat. Matarsa ta murɗa gas, wuta ta kama shuɗiya, ko tari ba wanda ya yi.

Yaron ya buga ƙusoshi a bangon ɗakin ubansa, aka jera sandunan a kwance daidai inda idon Malam, mijin nawa, yake sauka in yana kan gado. Abin ya yi masa daɗi. Wuni yake yi yana kallonsu.

"Da kaka ta yi zan koma," in ji shi. "Hannu ɗaya ai ya isa fatsa."

"Ƙafa ɗayar fa?"

"Ke za ki goya ni. Da ma ƙiba kawai kike yi a gidan nan."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. In zauna, in tashi, in leƙa ɗakin, in fito, in koma. Surukata takan ce, "Inna, ki huta mana, me kike nema?" Hancina ne ke neman abin da babu.

Da bazara ta yi, wata safiya ina shara sai na ga gari a gindin bangon, laushi kamar an tankaɗe. Na share. Washegari ga shi kuma. Na sauko da sanda ɗaya na kai ta haske, sai ga ƙananan huji kamar bakin allura. Na ƙwanƙwasa da yatsa, gari ya zubo. Ƙwaro ya shiga.

Na faɗa wa surukata don ta faɗa wa mijinta, tunda ni ba na tsayawa doguwar magana da shi. Ya kawo maganin ƙwari, fiya-fiya, aka fesa. Malam ya yi ta tari har hawaye, da ya samu numfashi ya ce, "Wane kifi ne zai matso kusa da wannan warin?" Ƙwaron kuwa yana can ciki, ko a jikinsa.

Na tara karan dawa a bayan gida na hura wuta, na gitta sandunan a kan bulo. Iska ta kwashe hayaƙin ta kai wa maƙwabta cikin shanyarsu. Na yini ina bin iska da sanduna a kafaɗa, in ta juya in juya, mutanen gida suna leƙena ta taga. Ni ma na san aikin banza nake yi. Gora so take ta zauna inda ake girki kullum, a hankali hayaƙi ya ratsa ta.

Wuri ɗaya na sani: madafar ƙanwar Malam a Yindiski. Har yau da itace take girki, rufinta baƙi ƙirin. Amma in na kai su can, me zai kalla? Mutumin da duk duniyarsa ta koma bango ɗaya. In na bar su kuma, kafin kaka sai dai a share su da tsintsiya. Na yi kwanaki ina juya abin. Tuwo ma a tsaye nake ci.

Ashe Malam yana gani. Ranar nan na shigo da tsintsiya, ya ce, "Bar sharar nan. Miƙo min ta tsakiyar."

Na miƙa masa. Ya dafe gindinta a cinyarsa, ya girgiza da hannunsa mai lafiya yadda yake yi in zai jefa. Tsinin ya karye ya faɗo a kan bargo.

Ya dube shi, ya dube ni.

"Sauran fa?"

"Sauran da ransu. In sun samu hayaƙi."

"A gidan waccan mai surutun?"

"Ita kaɗai ta rage."

"In kin kai, ke za ki ɗaura. Kada ki bar ta ta taɓa. Tun tana yarinya ko guga ba ta iya ɗaurewa ba."

"Malam, bangon zai zama wayam."

"Bango zan yi fatsa da shi?"

Mai Keke Napep na farko ya ga tsawonsu ya wuce. Na biyu ya yarda, aka zura su ta gefe, kai a gaba, gindi a baya, ni a tsakiya na rungume. A hanyar kasuwa mai babur ya kusa tafiya da tsini ɗaya. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa.

Ƙanwar Malam tana ganina ta saki dariya. "Matarmu, an koro ki daga gidan tayil ne? Ko hayaƙin talakawa kika zo roƙo?"

"Ba ni turmi, ki rufe bakin nan."

"Turmi? Da wannan gwiwar? In kin faɗo me zan gaya wa Yaya?"

"Ki ce masa surutunki ne ya kayar da ni."

Ta riƙe min turmin na hau. Ido yana ruwa saboda hayaƙi, na shafe su da mai na ɗaura ɗaya bayan ɗaya. Ta tura ɗanyen itace a murhu da gangan, hayaƙi ya turnuƙe, muna tari muna zagin juna.

Da na dawo na tarar ya sa an ja gadonsa, an juya masa fuska zuwa ƙofa. Ban zauna ba ya fara. Wane gefe na rataye su? Rufin ba ya yoyo? Sun yi nisa da harshen wuta? Na amsa duka. Ya lumshe ido, har na ɗauka barci ne, sai ya ce, "Yaushe za ki je ki juya su?"

"Yau fa na kai su."

"To jibi."

Mayafin ma ban cire ba. Na ce masa gobe zan je.