Rakiyar Mai Kunne Zuwa Tulo-Tulo

Potiskum

Ladan bai gama kiran assalatu ba na riga na ɗaure kayana. Tunda muka yi aure ni da Baban Ummi ba mu taɓa yin doguwar tafiya mu biyu kaɗai ba, kullum sai dai gaisuwar rasuwa a Fika ko suna a Nangere, ga yara a cinya. Sai ga shi yanyawa ta sama mana dalili.

Ga wanda bai san ta ba, yanyawa 'yar dabbar rairayi ce, ba ta kai kyanwa ba, amma kunnuwanta sai ka rantse na aro ne. Baban Ummi ya ga wata a kara, kasuwar shanu, a hannun wani falken shanu mai suna Bukar, ya saya wa 'yarmu Ummi, wadda kullum take nuna mana irinsu a waya. Ummi ta raɗa mata Mai Kunne. Murnar ba ta daɗe ba. Da rana tana ƙudundune a bayan randa, in mun kwanta ta yi ta tonon siminti har faratanta suka yi jini. Tuwo ta ƙi, madara ta ƙi, gashin wuyanta ya soma zubewa. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce ba allura take bukata ba, rairayi take nema. Ummi da bakinta ta ce, "Baba, a mai da ta gidansu." Bukar ya yi alkawarin in mun iso Yusufari zai kai mu inda aka haƙo ta.

Muka bar yara wajen Goggo muka nufi tasha. Direba ya hango kwandon da na lulluɓe da zane.

"Hajiya, kaji a but ake sa su."

"Ba kaji ba ne."

Ya ɗaga zanen, ya yi tsalle baya. "La ilaha illallahu! Wa ya ja wa kyanwar nan kunne?"

Baban Ummi ya kama mana kujerar gaba. Na zauna ta taga da kwando a cinya, ina jin kaina kamar matar gwamna.

Hanyar Gashuwa

Ban bar komai ya wuce ban yi magana a kansa ba, daga itatuwan kuka zuwa garken raƙuma. A Jakusko na sayi awara da rake, na ci na ba na baya. Baban Ummi ya raɗa mini, "Maman Ummi, ana kallonmu fa." Na ce a kalla, yau ranata ce.

A wani shinge jami'i ya leƙo. "Madam, me ke cikin kwando?"

"Baƙuwa ce, ranka ya daɗe. Gida za mu raka ta."

Ya duba, ya kira abokin aikinsa, su biyu suka yi ta dariya. Amma na ji kwandon yana rawa a cinyata, ƙarar manyan motoci ta firgita ta. Na roƙe su a rufe, suka rufe da kansu, suka ce mu sauka lafiya. Wani dattijo a baya ya ce suna yara sukan ji kukan yanyawa a bayan ƙauyensu, yanzu kuwa an jima rabonsa da shi.

Gashuwa

Rana ta take muka iso, zafi kamar a bakin murhu. Don kada ya illata Mai Kunne, muka yada zango a gidan Yaya Halima, yayar Baban Ummi. Ta tarbe mu da burabisko da miyar kifi, irin kifin da ke sa mutum ya manta da cokali. Ta sa aka samo ɗanyar fara, ta share ɗakin ajiya, ta zuba yashi kwano guda a ƙasa. Mai Kunne ta ci fara kaɗan, ta hau kan yashin ta kwanta. Yaya ta ce, "Ni dai an kawo mini amare, an kawo masu jego, amma wannan ce baƙuwar da ta fi ba ni aiki."

Yusufari

Da hantsi muka sauka, Bukar yana jiranmu yana sosa ƙeya. "Wallahi Alhaji, na ɗauka kamar kyanwa ake kiwonta."

Muna jiran motar rairayi ta cika, wani mutum ya matso da keji na waya. 'Yan yanyawa biyu ne a ciki, ƙanana ƙwarai, sun cusa kai a jikin juna.

"Hajiya, ki ƙara wa taki 'yan'uwa."

Hannuna har ya kai kan jaka, niyyata in saya in sake su tare. Bukar ya ce a hankali, "Hajiya, in kin saya, gobe zai koma ya haƙo wasu. Haka na sa aka yi da wannan."

Na janye hannuna. Mutumin ya wuce da kejinsa. Har yau ina ganin kunnuwan nan, kuma har yau ban tabbata na kyauta musu ba.

Tulo-Tulo

Motar buɗaɗɗiya ce, mu da buhunan gero da wata tsohuwa mai tabarmi. Babu titi, sai direba da abin da ya sani. Mu hau tudu, mu gangaro, in saki ihu, tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ko yau kika fara shiga mota?" Da muka kafe, maza suka sauka turi, Baban Ummi ya faɗi rub da ciki da babbar rigarsa. Na yi dariya har hawaye, hannu ɗaya a kan kwando.

Sai ga tuddan rairayi, jajaye-jajaye, masu santsi kamar an goge su, ga dabino a gindinsu. Baffan Bukar, wani makiyayi, ya sauke mu da fura da nono mai sanyi. Da rana ta yi gora muka hau tudu, Bukar a gaba. Tsohon ramin ya rufta tun ranar da aka fasa shi. Muka matsa gaba, inda ciyawa ta ɗan tsiro, na ajiye kwandon na buɗe.

Ba ta fito ba. Muka ja da baya muka tsuguna. Shiru. Na ce a raina ko zaman siminti ya mantar da ita komai, mun kawo ta nan ne kawai ta mutu da yunwa.

Can sai kunne ɗaya ya miƙe, ɗayan ya bi shi. Ta sa ƙafa a rairayi, ta shinshina, ta karkata kai tana sauraren ƙasa. Kafin mu ankara ta hau tono, rairayi yana tashi ta bayanta, ta zaƙulo wani buzuzu ta tauna ƙurus-ƙurus. Sannan ta zura da gudu, ta haye tudu ta ɓace.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Da za mu sauko na zauna na sulale har ƙasa, ni uwar 'ya'ya. Ina waiwayowa sai ga Baban Ummi yana biye da ni, hula a hannu, yana ta "Wayyo Allah!"

Da safe Baffa ya nuna mana 'yan sawu sun nufi wani sabon rami. Ya ce nata ne ko na wata, Allah ne masani.

Gida

Muka biyo hanyarmu, muka sake kwana a Gashuwa, muka shigo Potiskum da la'asar, rairayi har cikin kunnuwanmu. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Yaya Halima da Baffa, da Bukar da bai ɓoye mana gaskiya ba, da Goggo da ta riƙe gida.

Ummi na tsaye a zaure, ko jakata ba ta karɓa ba.

"Mama, da za ta tafi, ta waiwayo?"

Na so in ce mata e. Na ce, "Ba ta waiwayo ba, Ummi. Ko sau ɗaya."

Ta goge ido da gefen hijabinta.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe ta gane hanya."