Ganyen da ya cije ni a Rillieux

Shekarun baya, ɗiyata ta fari ta tafi Paris sitaj, wato koyon aikin jinya a asibiti, tana zaune a wani ɗan ɗaki a Aubervilliers. Ta jure sanyin hunturu lafiya lau. Sai da itatuwa suka fara toho, rana ta fara daɗewa, sannan gajiya ta kayar da ita. Wata Lahadi ta kira ni, murya kamar ta mai azumi.

"Mama, na gaji. Ko na yi barci, da gajiya nake tashi. Zan bar sitaj ɗin nan."

Sati shida ne suka rage mata. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta magani, ya ce ta riƙa cin ganye da wake. Na tambaye ta me take ci. Ta ce burodi da kafe. Ban yi faɗa ba, na dai ce ta ba ni sati guda.

Zogalen da na zo da shi daga Maradi ya ƙare. Maƙwabciyata a Rillieux, inda muke zaune kusa da Lyon, wata tsohuwa 'yar Fotugal, ta ce in biyo ta bakin kurmi, akwai ganyen da ake kira orti, shi suke ci in wannan gajiyar ta zo. Da na gan shi kore shar, ban jira bayani ba. Ni da na girma ina tsinkar tafasa da rama, wa zai koya mini? Na kai hannu biyu na damƙa.

Jama'a, ashe ganyen cizo yake yi! Tsohuwa na ta ihu tana kaɗa mini safar hannu, ni kuwa ina ta salati ina yarfe yatsu. Maigidana da ya ga hannuna ya ce, "Hajiya, duk Faransa ki rasa abin ci sai ciyawa mai faɗa?"

Na dafa shi, kaifinsa ya mutu. Rabi na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, albasa da lemun tsami, rabi na zuba a miyar wake. Sannan na hau jirgin ƙasa ni kaɗai, karon farko a rayuwata. Shekara biyu ke nan ina karatun manya, na rubuta sunayen tashoshin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, a takarda da hannuna mai kumburi. Ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya har na iso, ban tambayi kowa ba.

Ta buɗe kwano ta ce, "Mama, mene ne wannan kuma?"

Na nuna mata hannuna na ce, "Ci ki rama mini."

Ta yi dariya har da hawaye, ta cinye. Kwana tara na yi ina dafa mata ganye, wake, hanta da kifi, ina yanka mata lemu, ina tura ta ta sha rana kafin aiki. Ba zan ce ganye kaɗai ba ne, maganin likita ma ya yi nasa. Amma maganar bari ba ta sake fitowa ba.

Yau tana aiki a asibiti nan Lyon. Har yanzu in na tuna tafiyar nan sai in ji na ƙara tsawo. Kowace shekara in itatuwa suka fara toho, sai ta iso da sabuwar safar hannu ta ce, "Mama, tashi mu je wajen abokin faɗanki."