Gaɓa Biyu a Kan Gwiwa

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wadda na faɗa wa tsohon da muka yi haya gida ɗaya a Kwamba, lokacin garinmu yana amsa sunan Abuja, kafin sabon birnin tarayya ya karɓi sunan.

Mutumin Damagaram ne, tsohon sojan Faransa, yana sayar da kanwa a kasuwa. Matarsa ta rasu, ba shi da kowa a nan. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma, ya zuba shayi kofi biyu, ya ce, "Zo, ɗana, in ba ka Faransanci kyauta, kada in mutu da shi."

Kalma ɗaya ta tsaya mana, tranquille, wato mai kwanciyar hankali. Ya ce gaɓa biyu ce. Yakan buga gwiwarsa sau biyu, ya ce gaɓar farko ta hanci, ta biyu a datse ta da harshe. Ni kuwa sai in ce ta-ran-ki-li.

"Kai tela ne ko mahauci?" in ji shi. "Na ba ka yanka biyu, ka maido mini huɗu."

Yana dariya har da tari. Ban taɓa jin dariyarsa a wani wuri ba.

Sai abokaina na shago suka ji labari. In na shigo, su buga gwiwa su ce, "Ga Bafaranshe." Kunya ta kama ni. Na fara dawowa gida ta bayan layi. Wata rana muka yi kiciɓis a zaure, yana riƙe da buta. Na ce, "Baba, wannan yaren ba ya ciyar da kowa a garin nan."

Ya ce, "Gaskiya ne, ɗana."

Bai sake kirana ba. Ta taga nakan hango shi a tabarma, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, bakinsa a rufe. Da kaka ta yi ya ɗaure kayansa ya koma arewa ina shago. Kanwa ya bar mini a ƙofa, ƙunshi guda.

Yanzu ina iya faɗin kalmar a gaɓa biyu, ko dai haka nake zato, don babu mai gyara mini. In baƙo ya shimfiɗa muku tabarma, ku zauna, ko da abin da zai ba ku ba ya sayen gero. Kada ku bi ta bayan layi kamar ni.