Layuka Huɗu na Ƙarshe a Gonar Harlan

Marlys Ubben ba ta yi kuka ba ranar da aka binne mijinta Harlan. Waɗanda suka zo coci sun lura, amma babu wanda ya ga laifinta, don a karkararmu ta arewacin Iowa kuka a gaban jama'a ba abin so ba ne. Mutum sai ƙanƙara ta kwantar masa da gona kaf, ka je jaje, ya ce maka ai da sauƙi, ta wani ma ta fi lalacewa. Marlys ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa, tana tambayar kowa ko ya sami gahawa. 'Yarta Janelle, wadda ta taso daga Des Moines inda take aiki a kamfanin inshora, ta kasa daurewa, ta ja ta gefe.

"Mama, don Allah ki zauna. Ki yi kukan nan ki huta, babu wanda zai ce miki komai."

"Ba yanzu ba," in ji Marlys. "Sai ranar gayya."

An haifi Marlys a wata gona mil uku daga wadda ta tsufa a cikinta. Tana da shekara goma sha tara ta auri Harlan, dogon mutum mai manyan kunnuwa, wanda in ya yi maka magana goma a yini to ranar ya sha surutu. Eka ɗari biyu da arba'in suke nomawa, rabi masara rabi waken suya, ga aladu, ga kaji, ga yara uku. Shekara hamsin da ɗaya suka yi suna faɗa a kan abu ɗaya, wato takalmansa masu taɓo da daɓen kicin ɗinta. Bai taɓa tunawa ya cire ba, ita kuma ba ta taɓa gajiya da faɗa ba.

A wajenmu in manomi ya mutu ya bar amfani a tsaye, maƙwabta ne ke girbe wa iyalinsa. A sa rana, kowa ya bar tasa gonar ya kawo injin girbinsa da motar dakon hatsi, mata su jera tebura a rumfar injuna su ciyar da kowa. Wannan tun kakanni ake yi. Amma layuka huɗu na ƙarshe, Harlan ne ya shigo da su. Tun yana ɗan shekara talatin, a gayyar wani maƙwabci da tarakta ta kife da shi, ya ce wa sauran su tsaya, a bar layuka huɗu daga wannan bakin gona zuwa wancan. Ya je ya kamo hannun matar mamacin, ya hau da ita ɗakin tuƙin injin girbinsa, ya rufe ƙofa, ya yanke layukan a hankali kamar mai jin tausayin masarar. Injin nan nasa ƙara gare shi kamar zai tsaga kunne. Matar ta yi kukanta son ranta, ta kira sunan mijinta, ta zage shi da ya tafi ya bar ta, kuma babu wanda ya ji. Da suka kai ƙarshen gona ta goge fuska ta sauko, aka ba ta gahawa.

Daga nan abin ya zauna. Mata goma sha bakwai Harlan ya hau da su. Yakan dawo gida kafaɗar rigarsa a jiƙe, Marlys ta ce, "Me ta ce maka?" Shi kuwa ya ce, "Masarar ta yi kyau." Iyakar abin da ta taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma ko da yake takan yi tsaki, a ranta wannan shirun na cikin abin da ya sa take son sa.

Sai dai hanyar da gonarsu take a bakinta ta yi ta zubewa. Da gida goma sha ɗaya ne a kanta, yanzu uku suka rage, sauran an rushe su an shuka masara har inda ɗakin kwanansu yake. An rufe makarantar gari, an rufe kanti, fasto sai bayan mako biyu yake leƙowa don coci uku yake riƙe da su. Yara duk wanda ya gama karatu sai birni. Masu jawabi a talabijin suna cewa jiharmu ce ke ciyar da duniya. To, muna ciyarwa, amma in Marlys tana son tumatir sai ta yi tuƙin mil ashirin da biyar zuwa garin da ke da masana'antar nama, inda mutanen Meziko suka zo aiki, wanda shi kaɗai ne wurin da har yanzu za ka ji ihun yara a titi.

Can ta tafi ranar da abin ya faru, a ƙarshen Satumba. Harlan yana tsakar gida yana shafa wa tsohon injinsa mai, ya leƙo zai sha ruwa, ta ɗaga murya tana neman makullin mota: "Ka cire takalman nan kafin ka shigo min kicin!" Ya ja da baya ya koma wajen injin. Da ta dawo bayan awa uku ta same shi kwance a gindin tayar injin, ya riga ya yi sanyi. Maganar ƙarshe da ta yi wa mijinta ke nan, kuma ita ce ta tsaya mata a rai. Tana da abin da za ta faɗa masa, mai yawa, kuma wuri ɗaya ta sani da ake faɗar irin wannan.

Duane Siefken, abokin Harlan tun suna firamare, ya buga waya ya ce an sa ranar Alhamis. Shekararsa saba'in da shida, gwiwa ta ƙi, ɗansa Kurt ne ke noma yanzu, eka dubu huɗu nasu da na haya.

"Kai za ka hau da ni, Duane," in ji Marlys.

"In gwiwar nan ta yarda. In ta ƙi sai a ɗaga mu da igiya mu biyu."

Kwana uku Marlys tana girki. Ta gasa cinyar alade huɗu, ta fere dankali buhu guda, ta yi burodin kirfa tire takwas da kek ɗin tuffa goma sha biyu. Ta sa aka kwaso teburan coci aka jera a rumfa. Janelle, wadda ta ɗauki hutu ta zo taya ta, ta tsaya tana ƙirga kujeru.

"Mama, sittin? Mutum sittin daga ina? Ko na maƙabarta ma an gayyace su?"

"A gayyar ƙarshe saba'in da biyu muka ciyar, har burodi ya kasa."

"Shekara goma sha huɗu ke nan fa. Rabinsu sun mutu, rabi suna gidan tsofaffi suna kallon bango."

"Ke dai miƙo min gishiri. Kin je birni kin koyo lissafi, kin manta ladabi."

Janelle ta yi dariya ta miƙa, sannan ta sake tayar da zancen da take yi kullum: akwai ɗaki a benen da ke kusa da nata, hawa na uku, ga asibiti a bayan gida, hunturu kuma yana tafe. Marlys ta ce a bari a yi gayya tukuna. Da yamma ta goge farin hankici, ta sa a aljihun rigar sanyin Harlan, ta rataye rigar a ƙusa a bakin ƙofar rumfa, inda hannunta zai kai ba sai ta nema ba.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas suka iso. Injin girbi uku ne kawai, amma kowanne ya kai girman ɗakin coci, bakinsa yana cin layi goma sha biyu a tafiya ɗaya, tauraron ɗan'adam ne ma ke riƙe masa sitiyari. Sai manyan motoci shida. Maza tara ke nan. Marlys ta leƙa, ta ce wa kanta sauran suna tafe da rana. Ta yi lissafi irin na da: a ci abinci ƙarfe goma sha biyu, a koma, wajen ƙarfe huɗu a zo ga layukan ƙarshe. Ta koma kan miyar dankalinta.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan ƙarar ta ɗauke. Marlys ta ce wa Janelle, "Ji 'yan banza, yunwa ta koro su tun yanzu. Zuba gahawa." Sai ga Kurt ya shigo, hula a hannu, fuska cike da fara'a irin ta wanda ya yi abin kirki. Yaron kirki ne kuwa, ya bar masararsa eka dubu a tsaye ana cewa ruwa zai sauko Asabar, ya zo.

"An gama, Marlys. Kaf. Kuma ta yi kyau ƙwarai, Harlan bai taɓa samun irin ta bana ba."

"An gama wane ɓangaren?"

"Duka mana."

Ta ajiye ludayin. "Layukan ƙarshe fa?"

"Waɗanne layuka? Ko kara ɗaya ba mu bari ba, ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina na zagaya na duba."

Lokacin gayyar ƙarshe Kurt yana jami'a, kafin nan kuma yana makaranta ake yi. Babu wanda ya taɓa gaya masa, don abin ba a rubuce yake ba, kuma mutumin da ke ɗaga hannu ya ce a tsaya shi ne ke cikin ƙasa. Duane ya yi niyyar faɗa masa a teburin abinci. Shi ma lissafi irin na da yake yi. Aka ba shi mota ya kai hatsi rumbun ƙungiyar manoma, ya tarar da layi, ya yi awa ɗaya da rabi yana jira yana sauraren rediyo.

Marlys ta wuce Kurt ta fita. Daga bakin rumfa har hanyar gabas babu komai sai tushiya da ganye a baje, ana hango gidan Siefken tar, wanda tun Yuli masara ta rufe shi. Motar Duane ta shigo, ya sauko da ƙyar, ya dubi gonar, ya dube ta, ya cire hula.

"Kai Kurt, me ka yi?" in ji Duane. Sai kuma ya ce, "A'a, ba shi ba ne. Ni ne, Marlys. Ni ne tsohon banza, na ɗauka sai la'asar." Ya matso. "Zo mu je gonata. Akwai eka tamanin a tsaye bayan gida. In tayar da injin Harlan, mu yi ko layi ashirin ne."

"Ba Harlan ne ya shuka ba, Duane."

Ta juya ta ce abinci zai huce.

Maza tara suka zauna a ƙarshen teburin mutum sittin, suna ci kansu a ƙasa. Kurt, da aka yi masa bayani a waje, ya zauna yana juya cokali kawai. Marlys ta zo ta ƙara masa nama ta ce, "Ci mana. Ka yi aikin da aka sa ka, kuma ka yi shi da kyau." Da gaske take, abin da ya fi ciwo ke nan: ta duba ta duba, babu wanda za ta riƙe a zuciya. Kafin ƙarfe goma sha biyu da rabi sun yi godiya sun tafi, kowa ga tasa masarar. Janelle ta yi ta naɗe abinci tana rasa gidan da za ta kai.

Da la'asar, daidai lokacin da ta sa rai, Marlys ta sauke rigar Harlan daga ƙusa ta sa, ta taka cikin tushiya har tsakiyar gona. Tsohon injinsa yakan zubar da masara nan da can, ta bi baya da bokiti ta tsinto wa kaji. Waɗannan ba su zubar da ko ɗaya ba. Ta tsaya ta buɗe baki za ta kira sunansa, sai ta ji shirun wurin, har haushin karen Siefken ana ji daga mil guda, ga Janelle tsaye a baranda tana kallonta. Ta rufe bakinta, ta koma gida hankicin nan a goge yadda ta sa shi.

A Nuwamba ta ba Kurt hayar gonar, ta bi Janelle Des Moines. Ɗakin mai kyau ne, akwai ɗumi, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Bangon ne dai ba kauri, in maƙwabci ya yi tari sai ka ji, ita kuma Marlys ba a haife ta ta damu maƙwabta ba. Sati biyu tana zaune da abin a ƙirji, har ranar da ta kunna injin shara mai zuƙar ƙura da Janelle ta saya mata, ta ji yadda ƙararsa ta cika ɗakin. Ta tsaya riƙe da shi a wuri ɗaya, ta ce, "Harlan, shigo da takalmanka," sai kukan ya ɓalle.

Janelle tana gaya wa 'yan'uwanta a waya cewa Mama ta saba da birni, har ta fi yadda take a da tsabta. Ɗaki ɗaya da falo, babu yaro babu kare, amma sau uku a yini take share shi.