Ƙofar Babana da Injin Fere Katako

Gara in faɗa da bakina tun kafin a riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne, da furfurata da komai. Aji huɗu na yi a firamare, kuma har gobe ina ganin da an bar ni na ƙarasa da yanzu injiniya ake kirana.

A wata damina ce ƙofar ɗakin tsohuwata ta kumbura ta ƙi rufuwa. Ƙofar maɗaci ce, babana ya sassaƙa ta da gizago. Ga shi 'yarmu ta fari za ta zo wankan jego jibi, kuma a ɗakin za ta sauka. Uwargida ta ce jikanta ba zai kwana a ɗakin da iskar ruwa ke shiga ba.

Na tafi wajen taubashina, kafinta ne a bakin hanyar Ɗambatta, na ce ya ara mini injinsa na fere katako, mai aiki da lantarki. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ko rake ba ka iya ferewa?"

"Ba ni dai, bawana."

Ya ba ni, da wa'azi a kai. In tuɓe babbar riga kada wuƙar ta ja hannunta. In zare duk ƙusar da ke jikin katakon. In riƙe da hannu biyu, ina turawa gaba, wayar tana bayana. In za a huta, a kashe, a cire waya, a jira wuƙa ta tsaya, sannan a kwantar da shi ta gefe. Na ce duk mun yi wannan a aji uku.

Na ɗora ƙofar a kan turmi biyu a gindin darbejiya, na tuɓe riga, na zare ƙusoshi. Na danna ɗan maɓallin da ke riƙe injin a kunne, don yatsana ya huta. Sai ɓawon katako ya fara tashi, siriri, a nannaɗe, ja kamar bayan albasa. Ƙanshin maɗacin ya fito sabo fil, kamar jiya aka sare shi. Geron bayan danga yana ta kaɗawa, hadari ya yi luf a gabas. Sai a zuci na ga babana a tsugune, gizago a hannu, yana rufe ido ɗaya yana auna katako, ni kuma ina tsintar ɓawon ina cusawa a hula. Har tarinsa na ji.

Ina can aka ɗauke wuta. Injin ya mutu da kansa, na ce wanda ya mutu ai ba a sake kashe shi. Ta gefe aka ce, ko? Na ajiye shi a gefen ƙofar, a kan cikinsa, wuƙa tana kan katako. Ashe shi taubashin nawa a kan haƙarƙarin injin yake nufi. Na zura riga na tafi La'asar, rabin hankalina yana wajen babana.

Muna tahiya aka kawo wuta. Daga masallaci na jiyo kukan injin, da na kaji. Ko da na iso ya yi gudunsa shi kaɗai, ya ci ƙasan ƙofar inda gara ta riga ta yi rami, ya faɗo ƙasa yana shure-shure. Allah ya so ba kowa a kusa, uwargida ce ta fito ta fizge wayar daga bango.

Muka mayar da ƙofar. Ta rufu tsaf, sai dai akwai ɓula a ƙasa, mage za ta wuce ba ta sunkuya ba. Na gyara murya na ce mata masana lafiya sun fi son ɗakin jariri ya riƙa samun iska.

Ta kalli ɓular, ta kalle ni.

"Malam, Baba da gizago ya yi ƙofa, kai da lantarki ka yi taga. Tuɓe rigar nan, da ita zan toshe."