Ledar da ta Ɓata a Cikin Boga

Har yanzu idan na buɗe firjin gidan Yaya ba na son kallon jikin ƙofar, inda take ajiye ciz, cukun nan na Turawa. Abin bai daɗe da faruwa ba. Jiya na fasa kofi ba tare da wani dalili ba.

Da na gama sakandare Umma ta ce in bar zaman banza a Gawuna, in je in taya Yaya zama a Nassarawa GRA kafin sakamako ya fito. Yaya tana zuwa aiki, mijinta kullum yana hanya, 'yarsu kuma ba ta cika shekara huɗu ba, sai surutu kamar rediyo. Anti take ce mini. In an ɗauko ta daga makaranta, ni ce da ita har yamma. Banda mu sai Baba maigadi, wani dattijo mutumin Jigawa, da yake zama a benci kusa da tukwanen fulawa na bakin get.

Na iya girki, wannan ko Umma ba za ta musa ba. Tuwo, dambu, fanke, duk ina yi. Amma a kicin ɗin Yaya akwai kwalabe da ledojin da ban san ko ci ake yi ba ko wanke-wanke ake da su.

Yarinyar ta kamu da son boga. Burodi ne mai riɗi a ka, a tsaga shi biyu, a sa soyayyen nama mai faɗi a tsakiya, da wani abu rawaya da ya narke a kansa. Rawayan nan shi ne ciz, cukun Turawa. Kowace Asabar sai an kai ta wani shago an saya mata, in ba a kai ta ba gidan ba zai zaunu ba. Yaya ta gaji, ta ce ita ba ta san da wane irin mai suke suya ba, gara a yi a gida. Ta sayo kayan, da safe tana ɗaura ɗankwali ta nuna mini rabin wani bidiyo a wayarta.

“Kada ki sa albasa a cikin naman. Kada ki sa attaruhu. Gishiri da masoro kawai, su ma a sama za ki barbaɗa.”

“Yaya, nama ba albasa? Ba zai yi ƙarni ba?”

“Haka suke yi, sarauniyar dambu. Ke dai ki bar kaskon ya yi zafi sosai, ki danne shi ya baje. Kada ki yi ta juya shi kamar ƙosai. In kin juya sau ɗaya, ki ɗora ciz ki rufe.”

Ta ɗauki mukullin mota ta fita. Iyakar karatun da aka yi mini ke nan.

Bayan azahar na fara. Na dunƙula niƙaƙƙen naman kamar ƙwallon fura, na jefa a kasko, na danne da bayan ludayi. Hayaƙi ya tashi, mai ya yi ta tsalle, na ja da baya ina tunanin na ƙona. Da na juya sai na ga gefensa ya yi ja ya ƙame, ƙamshinsa kuwa sak na shagon nan. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Na shafa wa burodin bota na gasa cikinsa, na yanka tumatir da latas. Duk wannan yarinyar tana riƙe da zanena tana cewa, “Anti ya yi? Anti ya yi?”

Ciz ɗin a jere yake a cikin ledarsa, falle a kan falle, ya manne saboda sanyi. Idona yana kan kasko, na ɓalle na sama na ɗora a kan naman, na ɓalle na biyu na ɗora a kan ɗayan, na rufe. Da na buɗe sun narke sun sauko gefe, kamar dai a bidiyo.

Ɗaya na yanka wa yarinyar na zaunar da ita a falo. Ɗayan na sa a faranti na kai wa Baba. A gidanmu haka Umma ta koya mana, babba ba ya jin ƙamshin girki a bar shi sai an gama da kowa. Ya karɓa hannu biyu, ya jujjuya farantin yana kallo.

“Wannan kuma wane gari ne, 'yata?”

“Boga sunansa, Baba.”

“To, bismillah. Allah ya yi albarka.”

Na koma na soya nawa da na Yaya. Da na zo ɓalle falle na uku, sai wani abu ya biyo yatsana. Siririyar leda ce, fara tas, kana ganin hannunka ta cikinta. Na ɗaga ta ina kallo, na rasa daga ina ta fito. Na duba sauran, ashe tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa akwai irinta, don kada su haɗe.

Na kalli kan kantar kicin, babu leda. Na kalli ƙasa, babu. Na zazzage kwandon shara a tsakiyar kicin, ɓawon tumatir ne da ledar burodi kawai. To ta biyun farko fa? Tunda ban cire ba, tana cikin abin da na soya. Tana cikin na Baba, ko tana cikin na yarinyar, ko kuma duka biyun.

A nan na yi abin da ya ƙara dagula komai. Na kama sauran ciz ɗin na yi ta rarrabawa ina yarfarwa, ni kaina ban san me nake nema ba. Da na bar shi yadda yake, da an gane ko ledar da ta biyo yatsana ta saman falle na uku ce ko ta ƙasansa. In ta sama ce, guda ɗaya ce ta ɓata. In ta ƙasa ce, biyu ne. Kafin wannan tunanin ya zo mini, komai ya riga ya cakuɗe a kan kanta.

Na ruga falo. Ta cinye fiye da rabi, kumatunta duk maiƙo, tana kallon katun a talabijin. Na fizge farantin, ta sa kuka. Na tsattsaga ragowar da yatsu. Ciz ɗin yana jawuwa kamar zare, kowane zare sai in ga kamar leda ne, in murza sai ya narke. Na ce ta buɗe baki, ta ƙi. Kukan ma sai na ji kamar ba irin na kullum ba ne, ko kuwa kunnena ne.

Umma na fara kira, ban san dalili ba. Wataƙila don ba ta da mota, ba za ta iso yanzu ta kalle ni ba.

“Leda? Innalillahi. Ki ba ta manja, cokali guda, zai wanko ta. Ke wane irin abinci ne ma ake sakawa da leda?”

Na ɗebo manjan, sannan na kira Yaya. Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba.

“Tana numfashi daidai? Tana tari?”

“Kuka take.”

“In tana kuka tana numfashi. Kada ki ba ta komai. Kada ki sa mata yatsa a wuya.”

“Umma ta ce manja.”

“Na ce kada ki ba ta komai. Kin yanka mata kafin ta ci?”

“Na yanka.”

“Wuƙar ta wuce sumul ko ta tsaya?”

Na rufe ido ina neman wannan lokacin a kaina. Na ga wuƙar, na ga hannuna, amma ban ji komai ba. Na ce ban sani ba. Ta ce ga ta nan, ta kashe. Na tsaya da cokalin manja a hannu ɗaya, waya a ɗayan, uwata ta ce in ba ta, uwarta ta ce kada in ba ta. Yarinyar ta daina kuka tana kallon cokalin.

“Anti, magani ne? Ni ba na sha.”

Sai na tuna da Baba. In a nasa ledar take, ai dole ya ji. Na saɓi yarinyar na fita ko mayafi babu. Farantin yana gefen benci a wanke, ya kife shi.

“Baba, yaya abincin?”

“Alhamdulillahi. Allah ya ba ki miji nagari.”

“Ba ka ji wani abu a ciki ba?”

“Daɗi na ji.”

“Wani abu mai tauri, Baba. Wanda ba ya taunuwa.”

Ya kalli fuskata, ya gyara hularsa.

“Ni ban ji komai ba sai alheri.”

Tunda ba ta cikin nasa, ke nan tana cikin cikin yarinyar. Na zauna a ƙasa a bakin get, na rungume ta ina shafa cikinta, ita kuma tana wasa da ɗankunnena. Sai na riƙa ganin ledar a raina, ta buɗe ta rufe mata hanji kamar yadda leda take toshe kwata.

Yaya ta shigo ko motar ba ta kashe ba. Ta karɓe ta, ta duba bakinta, ta danna cikinta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya wajen Baba.

“Baba, abincin da ƙanwata ta kawo maka, akwai leda a ciki?”

“Leda kuma, Hajiya? A abincin gidan nan? Yarinyar nan ta iya girki, kada a ga laifinta.”

Sai daga baya na gane. Ya ga ina kuka, ya ga uwar gida ta dawo ba lokacinta ba, ya ɗauka faɗa za a yi mini a kan girki ya lalace. Rufa mini asiri yake yi. Kuma ko ba haka ba, mutum irinsa ba zai taɓa cewa abincin da aka ba shi yana da aibu ba.

Yaya ta ce in shiga baya in riƙe ta, asibiti za mu. Baba ya tashi zai buɗe get, ya tsaya riƙe da ƙarfen.

“Hajiya, asibiti? Wa ba shi da lafiya?”

“Ita ce. Muna tsoron ta haɗiye leda. Ɗaya a cikin biyun nan da aka soya akwai leda, in ba a naka take ba, to a nata take.”

Ya saki get ɗin, ya je wajen tukwanen fulawa, ya sunkuya da ƙyar ya ɗaga ɗaya. Ya dawo da wani abu a tafin hannunsa, ya yamutse ya dunƙule, ga sawun haƙori a jiki, ƙasa ta manne masa. Bai kalle ni ba.

“Ni na zaci fatar naman ce. Na yi ta fama, haƙoran sun ƙi. Na ce in na bari a faranti za ta gani ta ji ba daɗi.”

Yaya ta karɓa ta warware. Ita ce. Ta jingina da mota ta yi wata dariya da ba ta yi kama da dariya ba, ta goge ido da gefen mayafi.

“Baba, da ka haɗiye fa?”

“Ai na gwada, Hajiya.”

Sannan ta juyo gare ni. “Guda ɗaya ce ko?”

Na buɗe baki in ce e. Ina so in ce e. Sai na ga ciz ɗin nan da na wargaza a kan kanta, na ce ban sani ba.

Mun je asibitin. Likita ta saurari ƙirjinta, ta danna cikinta, ta ce ba ta ga abin tashin hankali ba. Ta ce a sa mata ido na 'yan kwanaki, in ta fara amai ko ciwon ciki a dawo da ita nan take, a riƙa kuma duba bayan gidanta. Ta tambaya ko an ba ta wani abu, Yaya ta ce a'a, likitar ta ce an kyauta. Ban faɗa wa Umma wannan ba.

Ni na ɗauki aikin duba fo ɗin da take bayan gida a ciki. Da tsinke nake bi, ina toshe hanci, yarinyar tana tsaye a kaina tana tambaya me na jefar a ciki. Ban ga komai ba. Ba ta yi amai ba, ba ta ce cikinta ba, tana tsalle a kan kujeru kamar kullum. Yaya ta ce shi ke nan, ɗaya ce dama, in bar zancen. Wataƙila gaskiyarta. Amma in yarinyar ta yi tari ko tana wasa ne, sai in ruga in duba ta.

Asabar ɗin da ta wuce Yaya ta ajiye mini nama da burodi ta ce in sake yi, in ban yi yanzu ba ba zan ƙara yi ba har abada. Ta zauna a kicin tana danna waya, kamar ba ni take gadi ba. Kowane falle sai da na ɗaga shi a taga, na shafa gaba da baya, na ajiye ledarsa a gefe inda zan gan ta. Naman farko ya ƙone ina wannan dube-duben.

Na kai wa Baba nasa. Ya karɓa hannu biyu. Da na koma ɗaukar faranti na tambaye shi yaya ya ji.

“Alhamdulillahi. Daɗi na ji, 'yata.”

Kalmomin ranar nan ne, har muryar. Na tsaya riƙe da farantin, ban san me zan yi da amsar ba. Na jira ya zagaya alwala, na ɗaga tukunyar fulawar na leƙa.