Kyaftin Nasiru ya sanar da kowa, shi ba a sanar da shi ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban sha ba, Mai Unguwar garinmu ya kira ni yana kuka. Nasiru ya rasu.

Kyaftin Nasiru, abokina tun muna firamare, matuƙin ƙaramin jirgin nan da ke feshin tsuntsaye jan-baki a gonakin yankinmu na Kunci. Jiya gab da magariba ya sauko ƙasa-ƙasa zai yi feshi inda tsuntsayen ke kwana, sai jirgin soja marar matuƙi, wanda ake ce wa dron, ya yi karo da shi, ya doke shi a fiffike. Manoman da ke dawowa daga gona ganau ne. A gonar dawa ya faɗi.

Ba baƙin ciki kaɗai ke cina ba, raina a ɓace yake ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Tare muka yi korar tsuntsu da Nasiru muna yara, da gwangwani da majaujawa, tun safe har muryarmu ta dushe. Da ya zama matuƙi nakan tsokane shi in ce, "Kai dai aikinka bai canja ba, ƙarin girma kawai aka yi maka daga ƙasa zuwa sama." Sai ya yi dariya ya ce ai gara shi, ni da na gudu birni na bar wa jan-baki geron Baba.

Lokacin da Baba ya kwanta ciwo, shi ya ɗauko shi a motarsa ya kawo shi asibiti Kano, ya kuma hana ni yin godiya. In ya zo gida, tabarmar ƙofar gida yake zama, ya sa hannu a kwano ɗaya da kowa.

Amma abin da duk mutumin yankinmu zai tuna shi da shi, shi ne sanarwa. Nasiru ba ya tashi feshi sai ya kira masu unguwanni tun ana gobe. A yi shela a masallaci: a rufe rijiyoyi, a kife randuna, a kwashe shanya, a killace dabbobi, kada yara su je bakin fadama. Har rugagen Fulani yake kira da kansa, da guntun Fillancinsa da suke yi wa dariya. Akwai ranar da ya fasa tashi gaba ɗaya don wayar wani ƙauye ba ta shiga ba. Kullum maganarsa ita ce, "In kunne ya ji, jiki ya tsira."

To shi wa ya faɗa wa kunnensa?

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Ɗambatta ce, farkon daminar nan, muna tsaye wurin mai gurasa. Na ga ya yi shiru, abin da ba halinsa ba, na ce lafiya?

Ya ce, "Wallahi rannan wani abu toka-toka ya gifta ta gabana a sama, kafin in ƙifta ido ya wuce. Na kira masu kula da zirga-zirgar jirage, suka ce su a saninsu ba kowa a wurin sai ni."

Na ce, "To ka kai ƙara mana!"

Ya ce, "Na kai. An ce min harkar tsaro ce, ba a bayyana inda suke bi." Sai ya yi ɗan murmushi ya ƙara da cewa, "Ni da nake sanar da awaki kafin in tashi."

Na yi dariya a lokacin. Yau dariyar nan ce ke ƙona min rai.

Kada wani ya juya min magana. Ban ce kada a yi sintiri ba, mun san halin da ake ciki, kuma muna da 'yan uwa a cikin kaki. Ba wanda ya ce a buga sirrin soja a jarida. Amma me zai rage wa tsaron ƙasa in an kira matuƙi an ce masa, "Kyaftin, yau kada ka bi ta Kunci"? Magana ɗaya tak. A ƙauyenmu ko kiran sallah ba ya hana mutum leƙa maƙwabci ya ce masa zai sa wa gona wuta.

Nasiru ya taɓa yi min bayani cewa mai sarrafa irin wannan jirgi yana zaune ne a ɗaki, yana kallon allon kwamfuta, kyamararsa ƙasa take duba, ba gefe ba. Ga dron ɗin ƙarami, ga launinsa ya saje da sararin yamma. Shi bai ga Nasiru ba, Nasiru bai gan shi ba, waɗanda ya kamata su raba su kuma kowa ya yi gum. Wancan ya tashi daga kujerarsa ya koma gida. Nasiru kuma yau za a kai shi makwancinsa, ya bar mata da yara ƙanana da tsohuwa.

Na san ajali ne, na yi imani da ƙaddara. Amma sakaci sunansa sakaci, kuma Nasiru ya faɗa tun kafin ta faru.

Abin da ya fi tayar min da hankali, tsuntsayen suna nan, gero kuma ya fara nuna. Dole za a turo wani matuƙin ya ƙarasa aikin, ta wannan hanyar, a irin wannan lokacin. Shi ma ɗan wani ne. Duk wanda yake da bakin da manya ke ji, don Allah ya yi magana kafin jirgin ya tashi.

Kafin Mai Unguwa ya kashe waya, ya ce min, "Malam Bashir, rijiyoyin nan har yanzu a rufe suke yadda ya ce a yi. Mata na jiran ruwa, amma an rasa wanda zai fara ɗaga murfin. Shi ne yake kira ya ce a buɗe."

Allah ya jiƙan Nasiru, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Inna mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsare wanda zai tashi bayansa. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa addu'a, ko bai san shi ba.